Wasan Jiki da Wasan Yatsa

Duk wanda ya fita birnin Kano ya yi arewa, ko ta hanyar Katsina wajen Bichi da Tsanyawa, ko ta hanyar Daura wajen Ɗambatta da Makoɗa, abin da zai fara lura da shi shi ne babu daji. Gona na bin gona, ƙauye na hangen ƙauye. Itatuwan da a ke gani kuwa, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, kowanne da mai shi, don amfaninsu aka bar su tsaye. Mutanen wannan ƙasa ba su da halin barin gona ta huta, saboda yawansu. Sai dai su kai mata taki kowace shekara, su shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, su nome, su girbe, baɗi kuma su koma wurin. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi bincike a karkarar Kano a shekarun 1960, ya bayyana wa duniya yadda jama'a mai yawa haka ta ke ci daga ƙasa ɗaya shekara da shekaru.

A irin wannan ƙasa wasa ma yana da lokacinsa. Daga faɗuwar ruwa har girbi, babba da yaro suna gona. Sai kaka ta yi, an cika rumbu, gonaki sun zama fili, sa'an nan a ji ganga a dandali. Wasannin da a kan yi a lokacin nan iri biyu ne tun zamanin kakanni, akwai na tsaye, akwai na zaune. Wanda ya gane bambancin waɗannan biyu ba zai sha wahala ba wajen gane gardamar da ta tashi a ƙasashen waje game da wasannin na'ura, waɗanda yau yara ke kira gem.

WASANNIN DA AKA GADA

Babban wasan tsaye shi ne kokawa, wasan manoma. Samarin wannan ƙauye su je wancan, a kafa fage, makaɗa na zuga, kowa ya nemi ya kai abokin karawarsa ƙasa. Har yanzu kokawa na da daraja ƙwarai a ƙasar Nijar, inda tun 1975, da aka fara a Tawa, a ke gasar ƙasa duka, zakara ya karɓi takobi. Sai dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne. Ɗan dambe ya kan naɗe hannu ɗaya da tsumma da igiya, shi ne na bugu, ɗaya hannun kuwa ya miƙa shi gaba don kariya. Wanda ya kai ƙasa an kashe shi ke nan, a bakin 'yan dambe. Sunan Shago bai ɓace ba har yau, domin Ɗan Anace ya waƙe shi. Yara kuma suna da langa. Kowa ya kama ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya, ya yi ta tsalle da ɗaya, ɓangare biyu suna ture juna, kowane ɓangare na kare ruwansa har ya kai wurin sha. 'Yan mata suna da gaɗa, da tafi da waƙa da tsalle.

Babban wasan zaune kuwa shi ne dara. A wani irin nata a kan haƙa gurabu 30 a ƙasa, jeri 5, kowane jeri gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya riƙe guntayen kara, wancan ya riƙe tsakuwa. Sai su dasa su ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sa'an nan a shiga matsawa gurbi ɗaya ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin wasansa. 'Yan mata su ma suna da nasu na zaune, watau carafke, inda a ke jefa tsakuwa sama a kwashi na ƙasa kafin ta faɗo.

To, a duba bambancin. Wasan tsaye yana bukatar fili da ƙarfi da lafiya, kuma wanda aka kayar ya ji ƙasa a jikinsa. Ba a iya yinsa wuni guda, domin jiki na gajiya. Ita dara wurin da tabarma ɗaya za ta rufe ya ishe ta. Yatsa biyu kaɗai ke aiki, abin da zuciya ta nufa shi hannu ke ajiyewa, ba ƙari ba ragi. Tsoho mai shekara 70 ya kan cinye saurayi a cikinta, a kan kuma wuni ana yi a gindin bishiya ba wanda ya yi gumi. Kowane ɗaya da ranarsa, ba a kuwa taɓa jin Bahaushe ya ce dara za ta maye gurbin kokawa ba.

ASALIN WASAN NA'URA

A 1958 wani masanin kimiyya a Amurka, William Higinbotham, ya haɗa wata na'ura don ya nishaɗantar da baƙin da ke ziyartar wurin aikinsu. Ɗigon haske ne ke kai da kawowa a wani ɗan gilashi kamar ƙwallon tanis, mutum biyu kowa na riƙe da akwati mai abin murɗawa ɗaya da madanni ɗaya. A 1972 aka fara sayar da na'urar da a ke haɗawa da talabijin na gida, sunanta Odyssey, ƙirar Ralph Baer. A shekarar nan ce kuma kamfanin Atari ya fito da wasan Pong. A 1977 Atari ya fitar da na'urar gida mai ɗan sanda tsaye, wanda a ke turawa gaba ko baya ko gefe, da jan madanni ɗaya a kusa da shi.

Wannan abin riƙewa shi ne linzamin wasa, domin da shi a ke juya abin da ke cikin talabijin kamar yadda mahayi ke juya doki. Samari suna kiransa fad, da sunansa na Turanci. Mutanen Jafan ne suka ba shi siffar da aka san shi da ita. Akwai wani kamfani a birnin Kiyoto, Nintendo, wanda aka kafa tun 1889 yana buga karta. Wani ma'aikacinsa, Gunpei Yokoi, ya ƙago madanni mai siffar gicciye, wanda babban yatsa ɗaya zai danna ta fuska huɗu. A 1983 suka sa shi a na'urarsu ta gida, Famicom. Daga nan linzami ya zama abin riƙewa da hannu biyu, yatsan hagu na tafiya, na dama na aiki. A 1994 kamfanin Sony ya fito da PlayStation, a 1997 kuma ya yi mata linzami mai ƙananan sanduna biyu, mai girgiza a hannu in an yi karo a cikin wasa. PlayStation ta biyu, wadda ta fito a 2000, an sayar da ita fiye da miliyan 150.

Aikin madanni ba shi da wuyar ganewa. Kamar makunnin fitila ya ke, ko a kunne ko a kashe, babu tsakani. In an danna, na'ura ta ji nan take, ba ta da abin da za ta yi kokanto a kai. Saboda haka wanda ya saba da linzami ya kan manta ma yana riƙe da shi, kamar yadda magatakarda ba ya tunanin alƙalami sa'ad da ya ke rubutu. Ashe linzami ɗan'uwan dara ne, a zaune a ke yi, ƙaramin motsi na yatsa ya tsaya a madadin babban aiki.

NEMAN SA JIKI A CIKIN WASA

Tun farko masu ƙira ba su gamsu da zama ba. Sun yi ta neman hanyar da mutum zai tashi ya motsa jikinsa, na'ura ta gane. Ita Odyssey ta 1972 an yi mata bindigar wasa da a ke auna talabijin da ita. A 1984 Nintendo ya yi wasan harbin agwagwa da irin wannan bindiga. A 1986 kamfanin Bandai ya fitar da wata tabarmar roba mai madannai a ciki, a taka da ƙafa kamar ana gudu. A 1989 kamfanin Mattel ya yi safar hannu mai wayoyi, wai mutum ya kaɗa hannu a iska wasa ya bi shi. Aka yi ta talla, aka saya, amma da aka gwada sai aka tarar ba ta jin magana, ba da jimawa ba aka daina yin ta. A 1998 kamfanin Konami ya yi wasan rawa, inda a ke taka kibiyoyi huɗu a ƙasa daidai da kiɗa, shi kam ya karɓu. A 2003 Sony ya yi wata 'yar kyamara, EyeToy, wadda ke nuna ɗan wasa a cikin talabijin yana kai duka da hannu.

Duk waɗannan kayan ƙari ne, a saya in an so, a ajiye in an gaji. Sai a watan Nuwamba 2006 Nintendo ya fito da na'urar da tun tushenta don motsi aka yi ta, sunanta Wii. Shugaban kamfanin na lokacin, Satoru Iwata, ya lura linzami ya cika madannai, har wanda bai taso da shi ba yana tsoron taɓawa. Sai suka yi wani farin sanda, tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba. A cikinsa akwai ɗan ma'auni mai jin kaɗawa da karkatawa, a bakinsa kuma akwai ido mai ganin wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ke fitowa daga wani siririn abu da a ke ɗorawa bisa talabijin. Suka haɗa shi da wasanni biyar, a cikinsu har da tanis da damben Turawa. Mai son bugun ƙwallo sai ya kaɗa hannu kamar da gaske.

Kai, abin ya karɓu! Tsofaffi da mata da ƙananan yara waɗanda ba su taɓa riƙe linzami ba suka shiga. Saboda zafin wasa sandan ya riƙa suɓuce wa mutane yana fasa talabijin, har a Disamba 2006 kamfanin ya ce zai musanya igiyar ɗaurawa a wuyan hannu, fiye da miliyan 3, da mai kauri. Kafin a daina yin Wii an sayar da fiye da miliyan 101.

Da sauran kamfanoni suka ga haka, sai kowa ya ɗaura ɗamara. A Satumba 2010 Sony ya fitar da nasa sandan mai ƙwallon haske a kai, Move. A Nuwamba 2010 kamfanin Microsoft ya fitar da Kinect don na'urarsa Xbox. Ita wannan ba a riƙe kome. Akwati ne mai idanu, yana watsa ɗigon haske marar ganuwa ko'ina cikin ɗaki, ta haka ya auna nisan kowane abu, ya gane ina kai, ina hannu, ina gwiwa. Tallarsu ita ce mutum da kansa shi ne linzami. Cikin kwana 60 na farko aka fitar da miliyan 8, har aka rubuta ta cikin littafin abubuwan bajinta na Guinness. A lokacin nan mutane da yawa sun ɗauka kwanan linzami ya ƙare.

YADDA TSEREN YA ƘARE

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. A 2013 Microsoft ya fito da sabuwar Xbox, ya ce ba a sayenta sai tare da Kinect, a kan dala 499. A shekarar nan Sony ya fito da PlayStation ta huɗu da linzaminta na gado, a kan dala 399. Masu saye suka karkata wajen Sony. A tsakiyar 2014 Microsoft ya raba Kinect da Xbox ya rage kuɗi, a Oktoba 2017 kuwa ya daina ƙera ta, bayan an sayar da wajen miliyan 35. Shi ma Nintendo, magajiyar Wii da ya fitar a 2012 ba ta kai miliyan 14 ba.

Dalilan wannan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, rashin tabbas. In mutum ya kaɗa hannu, na'ura ba ta san nufinsa ba, sai ta yi kintace. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta ɗauki susar kai a matsayin bugu. Ɗan wasa ya kan haƙura in kuskurensa ne ya ja masa faɗuwa, amma ba ya haƙura in ya yi daidai na'ura ta ce bai yi ba. Na biyu, jinkiri. Kafin ido ya ɗauki hoto, na'ura ta lissafa, ta nuna, ɗan lokaci ya wuce, ko da bai kai ƙiftawar ido biyu ba, a wasan sauri kuwa wannan ya isa a ci mutum. Na uku, gajiya. Ba mai iya ɗaga hannu a iska sa'a uku, amma a kan yi sa'a uku da linzami a cinya. Na huɗu, fili, domin masu Kinect sun ce mutum ɗaya ya tsaya nesa da ita wajen ƙafa 6, in mutum biyu ne ƙafa 8, a kuma kawar da kujeru.

Akwai na biyar, wanda ɗan dambe zai fi kowa ganewa. Mai dambe da iska ba ya jin hannunsa ya sauka a kan kome, ba kuma mai rama masa. Nauyin abokin karawa, da ture, da tsoron faɗuwa, su ne ke koya wa ɗan kokawa tsayuwa, na'ura kuwa ba ta da ko ɗaya. Ban da haka, yara ba su daɗe ba suka gano ba sai an miƙe ba. Ana kwance a kujera, in an ɗan karkaɗa wuyan hannu, sandan Wii ya kan ɗauka an yi bugu mai ƙarfi. Kama da wane ba ta wane.

Duk da haka motsi bai mutu ba, komawa ya yi cikin linzami. Na'urar Switch, wadda Nintendo ya fitar a Maris 2017, tana da madannai da sanduna irin na da, amma an sa musu ma'aunin karkata a ciki. Linzaman Sony na yanzu ma haka su ke, haka kuma wayoyin hannu masu yawa. Ɗan wasa na danna madanni don babban aiki, ya ɗan karkata hannu don ya daidaita saiti. Akwai kuma tabarau da a ke ɗaurawa a fuska, mutum ya ga kamar yana cikin wasan, su ma da abin riƙewa mai madanni a ke yin yawancin wasanninsu.

YADDA ABIN YA ZO ƘASAR KANO

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo a 1962. Jihar Kano ta sami nata na kanta a farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi. Na'urorin wasa kuwa ta hannun 'yan kasuwa suka shigo, da yawansu na hannu ne waɗanda aka gama yayinsu a Turai da Amurka. Daga kasuwanni irin su Sabon Gari suka bazu cikin unguwanni, daga nan suka bi hanyar mota zuwa garuruwan karkara.

A Turai a kan sayi na'ura a ajiye a ɗakin zama don 'ya'yan gida ɗaya. A nan kuwa, saboda tsadarta da ƙarancin wutar lantarki, sana'a ta zama. Saurayi ya kama ɗan shago, ya sa talabijin da benci da janareta ko farantin hasken rana, ya ajiye linzami biyu. Wasan da a ke nema fiye da kowanne shi ne ƙwallon ƙafa, na kamfanin Konami ko na EA, domin samari sun san kulob-kulob ɗin Ingila da Sifen kamar unguwarsu. Mutum biyu su zauna, a biya kuɗin wasa, sauran su kewaye su ana ba da shawara ana shewa, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan dara a gindin bishiya ya san wannan zama.

A irin wannan shago na'urar motsi ba ta da wurin zama. Ina ƙafa 8 na fili a ɗakin da benci biyu suka cika? Ina idon na'ura zai rarrabe ɗan wasa daga 'yan kallo goma da ke bayansa? Hasken rana yana rikita waɗannan idanu, ƙofar shago kuwa a buɗe ta ke saboda zafi. Tufa mai faɗi tana ɓoye musu gaɓoɓi, nan kuwa ƙasar riga ce. In linzami ya lalace, mai gyaran rediyo ko waya ya kan buɗe shi ya goge, ya sauya roba, ya yi walda, in ya ƙi a sayi wani da araha. Shi kuwa wasan ƙwallon, da ba da ƙwallo da yanka da bugu da sauya ɗan wasa duk cikin daƙiƙa ɗaya, madanni ya ke so. Saboda haka hukuncin da kasuwannin duniya suka yanke bayan shekara goma ana gwaji, yanayin wuri ya riga ya yanke shi a nan tun farko.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma aka sami mai gilashin shafawa, wasan ya shiga aljihu. Yanzu yaro ba ya bukatar shago. In wayar yayansa na da caji, yatsa biyu sun ishe shi, ko a zaure, ko a bakin gona.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANI

Babbar hujjar masu na'urar motsi ita ce lafiya. Sun ce tun da yara sun ƙi fita waje, to, a kawo musu motsa jiki cikin ɗaki. Masana suka auna. A birnin Libaful na Ingila aka gwada yara 11 masu shekara 13 zuwa 15, aka buga sakamakon a mujallar likitocin ƙasar a Disamba 2007. An tarar mai wasan Wii ya fi mai zama da linzami ƙona ƙarfi, amma bai kai wanda ya fita ya yi wasan na gaske ba. A birnin Hustan na Amurka kuma aka ba waɗansu yara na'ura su kai gida, rabi da wasannin motsi, rabi da na zama, aka sa musu ma'auni a jiki lokaci-lokaci cikin mako 13. Da aka buga sakamakon a 2012, sai aka ga duk ɗaya su ke wajen yawan motsi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 kowace rana na motsi mai sa numfashi ya hau. A 2019 kuma ta sa jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtuka, watau in wasan ya fi ƙarfin mutum har ya hana shi karatu da aiki da sha'anin gida, aka daɗe a haka. Ba kowane mai wasa ne ke kai wa nan ba, kaɗan ne, amma ya kamata iyaye su san akwai abin.

Gaskiya kuwa ita ce kowane ɗaya daga cikin biyun ya yi wa waɗansu mutane rana. An yi amfani da Wii a gidajen tsofaffi da asibitoci a ƙasashen waje, don wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ya riƙa motsa hannu ba tare da ƙosawa ba. Shi kuma linzami ya daidaita mai ƙarfi da marar ƙarfi. Yaron da shan inna ta taɓa, wanda ba shi da rabo a langa, ya kan zauna a benci ya cinye zakaran kokawar unguwa. A 2018 Microsoft ya yi wani linzami na musamman don naƙasassu, wanda a ke haɗa masa manyan madannai a danna da ƙafa ko gwiwar hannu.

ABIN DA YA RAGE GA IYAYE DA MASU GARI

Daga wannan tarihi abu ɗaya ya fito sarari. Kamfanonin da suka fi kowa kuɗi da gwaninta sun nemi su ɗauko fage su sa shi cikin ɗaki, abin bai yiwu ba. Wasan na'ura ya zauna a sahun dara, a nan ya kamata a ajiye shi, a kuma auna shi da ma'aunin da dattawa ke auna dara. Tana wasa ƙwaƙwalwa, tana ɗebe kewa, amma a kan zargi magidancin da ya zauna kanta har lokacin salla ya wuce ko ciyawa ta cinye masa gona. A kan kuma hana ta in caca ta shiga.

Sahun kokawa da langa kuwa ba abin da ya zo ya cike shi. A da noma da ɗiban ruwa da tafiyar ƙasa sun ishi ɗan ƙauye motsa jiki, yanzu babur da injin niƙa da zaman makaranta sun rage wannan, musamman a garuruwa. Ga shi kuma a ƙasar da kowane taku na da mai shi, filin da ba a shuka ba a gini shi a kan fara sa wa ido in jama'a ta ƙaru. Dandali da filin makaranta su ne ke cikin wannan haɗari. In an yanka su aka sayar, yaran gari ba su da sauran wurin gudu sai benci.

Saboda haka aikin na dagatai da masu unguwa da malaman makaranta da iyaye ne. A tsare filin gari kamar yadda a ke tsare rijiya da maƙabarta. In kaka ta yi a kafa fagen kokawa da langa, manya su zo su zauna, domin yaro ba ya ɗaukar abin da ya ga manya sun raina. Langa da kokawa da dambe duk suna cikin wasannin gargajiya da a ke gasarsu a bikin wasanni na ƙasa, yaron Kunci ko Minjibir da ya ƙware yana da inda zai kai. Mai shagon gem kuma a yi magana da shi, kada ya karɓi yaro lokacin makarantar allo ko ta boko, ya kuma rufe in dare ya yi. In an yi haka, yaro ya sami rabonsa a wasan yatsa, bai kuwa rasa na jiki ba. Allah ya shirya zuriya, ya ba manya ikon riƙon amana, amin.